Sa hannun da na yi kafin in ga kuɗin makaranta

Ranar Asabar na tarar da 'yar ƙanwata a falonsu na birnin Niyok da kwamfuta a cinya, tana ta matsa wa mahaifiyarta ta sa hannu a takardar neman gurbi ta wuri mai alkawari, wadda a Amurka ake taƙaita sunanta da ED, domin shiga babbar jami'ar gwamnati ta wata jiha. Da na tambaye ta nawa za a biya a shekara, sai ta ce, "Kawu, a bari su karɓe ni tukuna." Abin da ni ma na faɗa wa mahaifina ke nan a lokacina.

Ɗalibi yana miƙa takardunsa wajen 1 ga Nuwamba, a ba shi amsa a Disamba, shi da mahaifinsa da malamin ba da shawara na makarantarsu duk sun sa hannu cewa in an karɓe shi zai je, kuma zai janye neman da ya yi a sauran wurare. Wanda bai ɗaure kansa ba yana da har 1 ga Mayu ya jera tayin jami'o'i ya kwatanta. Ni ban samu wannan damar ba, domin na ɗaure kaina da jami'ar gwamnati ta wata jiha. Jami'ar gwamnati ta 'yan jiharta ce tukuna, domin harajinsu ke tallafa mata, shi kuwa baƙo kuɗinsa yakan ninka nasu sau biyu ko uku. Da takardar tallafi ta iso, rabinta rance ne. Na tuna mahaifina, direban tasi, yana bin layukan da yatsa har ƙasa, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu bai ce uffan ba. Akwai ƙofar fita ga wanda tallafin bai ishe shi ba, amma kunya ta hana ni, ga shi na riga na sanar da kowa a masallaci. Shekara goma sha ɗaya na yi ina biyan bashin.

Ba zan ce wauta ce zalla ba, domin shekaruna 17, babu wanda ya taɓa yin jami'a a gidanmu, kuma wataƙila da ban yi alkawarin ba da ba a ɗauke ni ba. Karatun kuwa ya amfane ni. Sai dai ƙanwata ta jinkirta nata karatun shekara biyu saboda ni.

Yanzu abin sai yaɗuwa yake yi: Jami'ar Bajiniya ta dawo da tsarin a 2019, ta Mishigan ta fara a 2025. Ku kuwa yaran yau, da waya a hannunku dare da rana, kun san launin rigar 'yan ƙwallon jami'a amma ba ku taɓa buɗe shafin lissafin kuɗin da doka ta tilasta mata ta wallafa ba.

Kada ku sa hannu. In kuwa lissafin ya nuna iyayenku za su iya biyan shekara huɗu ba tare da rance ba, to ku sa, kada tsorona ya hana ku. Ita dai yarinyar na ce mata ta fara duba tallafin Excelsior na jihar Niyok, wanda tun 2017 yake ɗauke wa 'yan jihar da suka cancanta kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati. Ta rufe kwamfutar cikin fushi, mahaifiyarta kuma ta ce sai mun zauna mu uku ranar Lahadi.