Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Zauna a Kujerar Birtaniya

Kamar yadda na ambata a makon jiya, na shiga aji uku a Sashen Nazarin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa ina ganin kaina gwanin magana, domin a shekarar da ta gabata ni ne na zo na ɗaya a gasar rubuta maƙala, kuma sau biyu ina jagorantar tawagar ajinmu a muhawarar da ake yi tsakanin azuzuwa. Sai dai gasar da kowa a sashen ya fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake yi sau ɗaya a shekara, inda ake raba wa ɗalibai ƙasashe ta hanyar ƙuri'a, kowa ya zauna a bayan allon da ke ɗauke da sunan ƙasar da ta faɗo masa, ya kare matsayinta ko ya yarda da shi ko bai yarda ba.

A wannan shekarar malamin da ke kula da gasar ya zaɓi a maimaita zaman da Kwamitin Sulhu ya yi a ƙarshen Oktoban 1956 a kan rikicin mashigin Suez. A lokacin mambobin kwamitin 11 ne, domin sai a 1965 aka kai su 15: ƙasashe biyar masu kujerar dindindin, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyat da Sin, sai Ostareliya da Beljiyam da Kyuba da Iran da Peru da Yugoslabiya. Da na buɗe 'yar takardar da na ɗauka na ga an rubuta Birtaniya, raina ya ɓaci ƙwarai, domin tun ina ajin farko nake ƙaunar shugaban Masar na wancan lokaci, Gamal Abdel Nasser, kuma ina ganin matakin da ya ɗauka ranar 26 ga Yulin 1956 na mayar da kamfanin mashigin mallakar Masar haƙƙi ne da ya karɓo wa mutanensa. Na sami malamin a ofis na roƙe shi ya yi mini musanya, amma ya ƙi, ya ce da ni, "Jakada ba ra'ayinsa ake aikensa ya faɗa ba. Je ka ka yi karatu."

Na yi karatun kuwa, har na mako uku. Na karanta yadda aka buɗe mashigin a 1869, da yarjejeniyar 1888 wadda ta tabbatar wa jiragen kowace ƙasa 'yancin wucewa, da yadda Isra'ila ta kutsa yankin Sinai ranar 29 ga Oktoba, kashegari kuma Birtaniya da Faransa suka ba Masar da Isra'ila wa'adin sa'o'i 12 su janye daga bakin mashigin, da sunan raba faɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san cewa ƙasashen uku sun riga sun ƙulla wannan shiri a ɓoye a garin Sevres na Faransa kwanaki kaɗan kafin harin, don haka hujjar raba faɗan da zan tashi in kare ba gaskiya ba ce. Dokar gasar ta hana kowa kawo bayanin da bai fito fili ba a ranar zaman, saboda haka babu mai ikon jefa mini wannan magana a fuska, amma ni na sani, kuma duk wanda ke zauren ya sani.

Duk da haka hankalina a kwance yake, domin ina da abin da mafi yawan abokan takarata ba su da shi, wato ikon hawa kujerar naƙi. Sashe na 27 na kundin da ya kafa Majalisar ya tanadi cewa ƙuduri ba ya wucewa sai da amincewar masu kujerar dindindin, kuma ni a wannan layin na tsaya, ban damu da in karanta abin da ke samansa da kyau ba. Na san cewa a tarihi maganar ta ƙare ne a Babban Zauren Majalisar, amma tun da an gaya mana cewa ba dole ne sakamakonmu ya bi na tarihi ba, sai na ƙudura a raina cewa duk abin da aka kawo zan kashe shi da ƙuri'ata guda.

Zaman safe ya tafi yadda nake so. Wakilin Amurka ya gabatar da daftarin ƙuduri mai neman Isra'ila ta janye dakarunta, sauran ƙasashe kuma su guji amfani da ƙarfi a yankin, ni kuma na yi jawabin minti biyar a kan jiragen man fetur da tattalin arzikin Turai ya dogara da su, har aka tafa mini. Da aka zo ƙuri'a ni da wakilin Faransa muka ɗaga allunanmu muka ce ba mu yarda ba, daftarin ya mutu. Haka muka yi wa na Tarayyar Sobiyat. A tarihi ma haka aka yi ranar 30 ga Oktoba, kuma wannan ce rana ta farko da Birtaniya ta taɓa hawa kujerar naƙi tun kafa Majalisar a 1945.

Sai aka ba da hutun rabin sa'a domin wakilai su yi shawara a tsakaninsu. Ni na koma kujerata ina gyara jawabina na biyu, ina sauya kalma ina ƙara wata. Na lura da wata ɗaliba 'yar aji biyu, wadda Yugoslabiya ta faɗo wa, tana zagayawa daga wannan wakili zuwa wancan da 'yar takarda a hannunta, ta tsaya wurin Peru, ta wuce wurin Kyuba, ta daɗe tana magana da Iran da Sin, amma ban ɗauki abin a bakin komai ba, musamman da yake duk safiyar ba ta yi maganar da ta wuce minti ɗaya ba.

Da aka dawo ta nemi izinin magana, ta ce tun da rashin haɗin kan masu kujerar dindindin ya hana kwamitin sauke nauyin da ke kansa, tana neman a kira zaman gaggawa na musamman na Babban Zaure bisa ƙuduri mai lamba 377. Wannan ƙuduri, wanda Babban Zauren ya zartar a Nuwamban 1950 lokacin yaƙin Koriya, Amurka ce ta jagoranci kawo shi domin a samu hanyar kauce wa naƙin Tarayyar Sobiyat, Birtaniya kuma ta goyi bayansa a wancan lokaci. A lokacin ya tanadi cewa ƙuri'ar kowaɗanne mambobi bakwai na kwamitin ta isa a kira zaman cikin sa'o'i 24. Na miƙe na ce, "Mai girma shugaba, Birtaniya ba ta amince ba," ina jiran a ce magana ta ƙare. Sai shugaban zaman ya karanto mini sakin layi na biyu na sashen nan na 27, wanda ya ce al'amuran da suka shafi tsarin gudanar da aiki rinjayen ƙuri'a kawai suke buƙata, babu naƙi a cikinsu.

A nan ne na fara ƙirga a zuciyata, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Amurka, Tarayyar Sobiyat, Sin, Kyuba, Iran, Peru, Yugoslabiya: bakwai cif, babu rara ko ɗaya. Ni da Faransa muka ƙi, Ostareliya da Beljiyam suka ƙaurace, daidai da yadda ta kasance ranar 31 ga Oktoban 1956 lokacin da aka zartar da ƙuduri mai lamba 119. Har yau idan na tuna wannan lissafi sai in ji zafinsa, domin da a ce a cikin rabin sa'ar nan na tashi na shawo kan wakili guda ɗaya tak ya ƙaurace, da buƙatarta ta faɗi ba tare da na yi wani jawabi ba. Wakilin Peru abokina ne da muke karatu tare, kuma daga baya ya gaya mini cewa a shirye yake ya saurare ni, amma ita kaɗai ce ta zo wurinsa.

Zaman yamma na Babban Zaure bai ɗauki lokaci ba. Sauran ɗaliban sashen suka cika kujerun ƙasashe, aka zartar da kiran tsagaita wuta da gagarumin rinjaye, ni kuma ina zaune da ƙuri'a ɗaya kamar ta kowa. Wakilin Kanada ya kawo shawarar kafa rundunar kiyaye zaman lafiya, irin wadda Lester Pearson, ministan harkokin wajen Kanada na wancan lokaci, ya kawo har ta sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1957.

Alƙalan gasar suka ba wakiliyar Yugoslabiya lambar wakili mafi ƙwazo, kuma a ganina ba su yi kuskure ba ko kaɗan. Ni aka ba ni ta jawabi mafi kyau, wadda na karɓa ina sunkuyar da kai. Da aka watse na bi ta har bakin zaure na ce, "Malama, don Allah ko zan ga takardar da kike ta yawo da ita ɗazu?" Ta miƙo mini, sai na ga babu jawabi ko layi ɗaya a cikinta, sunayen ƙasashe goma sha ɗaya ne kawai a jere, kowanne da alama a gabansa, an kewaye huɗu da jan biro, wato waɗanda ba ta da tabbas a kansu kafin hutun.

Bayan mako biyu malamin ya kira mu mu biyu ofis, ya shaida mana cewa mu ne za mu wakilci sashen a gasar da za a yi tsakanin jami'o'i, kuma ita ce za ta jagoranci tawagar. Yadda muka yi wannan shiri, da saɓanin da ya kusa raba mu ana jibi tafiya, shi zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.