Mako na bakwai: kalmomin yunwa a Turanci

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Makon nan kalmomi biyar kacal na shigar a littafina, duk na yunwa ne, ɗaya kuma ta ba ni kunya.

Ranar Talata a ajin yamma, tun kokon safe ban sa komai a baki ba. Malama ta ga na yi lamo ta tambaye ni lafiya. Na buɗe baki da ƙarfin hali na ce "I am famine". Aji ya kwashe da dariya. Ashe famine yunwar gari ce, irin ta 1973 da tsofaffi ke ba da labari, lokacin da fari ya ƙarar da dabbobi, rumbuna suka koma wayam. Famished nake nema. Tushensu ɗaya, kalmar Latin fames, amma ta farko ƙasa guda take kamawa, ta biyu cikin mutum ɗaya. Mu da Hausa duk yunwa muke cewa, nan ne santsi ya kwashe ni.

Wadda na fi jin daɗi ita ce starving. Asalin starve a tsohon Turanci mutuwa ce kawai, har yau Jamusawa sterben suke ce wa mutuwa. To amma Bature ya karya da safe, azahar na yi sai ka ji "I'm starving". Kamar dai mu ne in muka ce yunwa kamar in ci babu, ko yunwa za ta kashe ni, alhali tuwo na kan wuta. Sai dai in ka ji ta a labarai ana maganar yara a sansanin gudun hijira, babu wasa a ciki.

Ravenous na ɗauka daga raven ta fito, tsuntsun nan ɗan uwan hankaka. Ba haka ba ne, daga tsohon Faransanci take, mai nufin fizge. Ni dai na ajiye ta wa ƙanena, yadda yake wawurar ƙosai da an sha ruwa.

Peckish ta mutanen Ingila ce, 'yar yunwar da gyaɗar naira ɗari za ta kashe.

Har yanzu harshena na sarƙewa a ƙarshen famished, don "sht" ake furtawa a haɗe, ni kuwa sai na cusa wasali a tsakani. Sau ashirin nake maimaita ta kullum bayan isha'i. Mako mai zuwa ƙishirwa zan shiga, na riga na rubuta parched a saman shafi.