"Ni ai ba sha nake ba"

Ɗan yayata bai yi wata guda da sauka wata jami'a a Amurka ba, ya turo mini takardar gayyatar wata ƙungiyar ɗalibai, irin masu sunan haruffan Girka ɗin nan, furataniti ta maza, sororiti ta mata. A ƙasa an rubuta babu giya duk makon ɗaukar sababbi. Ya ce, "Kawu ka gani, kuma ni ai ba sha nake ba." Da wannan maganar ni ma na shiga irin ƙungiyar lokacin da nake ɗalibi.

Abin da ke rubuce gaskiya ne. NIC, uwar ƙungiyoyin maza da yawa, ta hana giya a duk taron neman sababbi da na horar da su. Tun 2019 kuma ta hana barasar da ƙarfinta ya wuce kashi 15 cikin 100 a gidajensu, sai in mai lasisin sayarwa ne ke zubawa. Ta mata, NPC, mai ƙungiyoyi 26, ta fi tsanani: ba giya, ba maza, har ranar miƙa takardar karɓa. Shekarun fara sha a Amurka 21 ne, sabon ɗalibi kuwa galibi 18.

Sai dai dokar iyakarta inda idon jami'a ya kai. Taron da ke kan jadawali lemo ne da gasasshen nama, a watse da wuri. Can dare, a wani gidan haya bayan makaranta, ba sunan ƙungiya a ƙofa, nan ake zaɓen gaske. Haɗarin ma sai an karɓe ka: daren karɓa, da daren da ake haɗa sabo da "babban wansa" a miƙa masa kwalba a ce ya shanye. Awo ɗaya a wurinsu gwangwanin giya ne na mililita 355, ko mililita 44 na mai ƙarfin kashi 40, hanta kuma kusan awo ɗaya take iya narkarwa a awa. Timothy Piazza, a jami'ar Penn State, Fabrairun 2017, awo 18 aka ba shi cikin minti 82. Ya faɗo daga matakala, aka yi kusan awa 12 ba a kira motar asibiti ba. Ya mutu.

Wanda ba ya sha kuwa, shi suka fi so. Shi ne direba, shi ne mai gadin ƙofa da takardar sunaye, in ya kai 21 shi ake aika kanti. Duka na yi. Tuƙin har yau ban ga laifinsa ba, da ban tuƙa ba da sun tuƙa a buge. Kaɗaicin da ke sa mutum shiga ma ba wasa ba ne, mutum ya yi lokacin sanyi ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Amma sayen fa? Na ce kuɗinsu ne, cikinsu ne. Alhali sayo wa yaron wani da bai kai 21 ba laifi ne a doka, sunana ne kuma a rasit. Hadisin da ya la'anci mai sha bai bar mai saye da mai ɗauka ba, na sani tun ina Islamiyya. Ko da yake, da na ƙi, wani za su aika.

Ga abin da ba sa faɗa maka, ɗana. Su 'yan ƙasa ne, in an kore su gida za su koma, lauyan uba ya shigo. Kai bizar ɗalibai ta F-1 gare ka. Korar jami'a tana kashe izinin zamanka, kama mutum da tuƙi a buge kuma kan sa a soke biza tun kafin alƙali ya yi magana.

Na so in jera maka shawara goma, amma ku yaran yanzu layi uku kuke karantawa ku turo ɗan yatsa. Kada ka shiga. In 'yan'uwantaka kake nema, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi a yawancin manyan jami'o'i, har furataniti ta Musulmi akwai, Alpha Lambda Mu, da aka kafa a Texas a 2013.

Na san za ka shiga. To ka fara duba shafin jami'arku, dokar tarayya ta Disamban 2024 ta tilasta musu wallafa ƙungiyoyin da aka kama da azabtar da sababbi. Kada ka sayo wa kowa ko gwangwani ɗaya. Kada ka je taron bayan makaranta. In ka je, kada ka tafi ka bar wanda ya faɗi. Idan ba ya farkawa, ko numfashinsa bai kai 8 a minti ba, ko jikinsa ya yi sanyi, ka kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, ka kira lambar gaggawa 911 da wayarka. Za su ce ka bari ya yi barci, za ka jawo a rufe musu gida. Jihohi da yawa suna ɗage hukuncin shan giya ga wanda ya kira ya tsaya har aka zo. Ka bincika dokar jiharku yau, ba a daren ba.