Gyara kayanka, marubutan Legas

'Yan uwa marubuta na Agege da Idi-Araba, in ɗan'uwa ya turo labarinsa a duba, kar a ce masa "ya yi kyau" kawai, hakan ba ya ƙara masa komai. A karanta sau biyu tukuna. A fara da abin da ya tsaya daidai, a ambace shi da sunansa, ko da hira ɗaya ce. Gyara kuwa kar ya wuce 3 a zama guda, yawa na kashe gwiwa. A nuna layin: "ya na" a haɗe yake, "zata tafi" a rabe, "kasa" da "ƙasa" ba ɗaya ba ne (wayoyinmu ma na da laifi nan). Babban gyara, kamar labari ya saki hanya a tsakiya, a keɓe ake faɗarsa, ba gaban jama'a ba.