Kotu ta sauke maka bashi, amma gidan yana nan a jingine

Ƙannena da kuke Amurka kuna biyan bashin gida, dan Allah ku tsaya ku ji wannan, don ni sai da na ji a jikina kafin na gane.

Idan kasuwa ta karye maka ka je kotu ka shigar da takardun karayar arziki, wanda suke kira Babi na 7, bayan kamar wata huɗu alƙali zai sauke maka bashin da ke wuyanka. Kafin nan akwai wata takarda ta sabunta alƙawarin biyan bashin gidan, lauyoyi da yawa cewa suke kar ka sa hannu, kuma ina ganin gaskiyarsu ne, domin in ba ka sa ba, ko gidan ya tafi ba wanda zai biyo ka neman ciko. Ban sa ba. To inda na yi kuskure shi ne na ɗauka tunda masu bashin gidan ba sa bina bashi a kaina, ai ko na makara da biya ba abin da zai faru.

Wallahi ba haka ba ne. Kai aka saki, gidan ba a sake shi ba, jinginar tana nan daram da duk sharuɗɗanta. Yawanci ranar 1 ga wata ake biya, su ɗaga maka ƙafa kwana 15, ka wuce nan tara ta hau, kashi 4 ko 5 cikin ɗari na kuɗin watan. Misali kana biyan dala 1,500, kashi 5 dala 75 kenan duk watan da ka makara, kuma ba za su kira ka suna matsa maka ba saboda doka ta hana su bin ka da bashin da aka sauke, shirun nan shi ya yaudare ni, ashe tarar tana can tana taruwa a kan gidan. Ranar da na nemi jimillar abin da ya rage ina tunanin sayarwa, na gan ta a takarda layi bayan layi, dole a cire ta kafin ko sisi ya shigo hannuna.

Wani abin ciwon kuma, kamfanoni da yawa suna daina kai rahoton biyanka wurin Equifax da Experian da TransUnion, masu ajiye tarihin yadda kowa ke biyan bashi, wato kana biya a kan lokaci amma kiredit ɗinka bai sani ba. Wasu har cirar kuɗi kai tsaye daga asusunka suke tsayarwa da zarar ka shiga kotu, kana zaune kana zaton an cira. Ka duba da idonka duk wata, ka adana rasit ko hoton cek.

Tun 2018 dokar CFPB, hukumar da ke kare jama'a a harkokin bashi da kuɗi, ta sa su riƙa aiko da takardar lissafin wata ko ga wanda ya bi ta kotu, in ba ta zuwa ka nema. Ka ga tarar da ba ka yarda da ita ba, waya ba ta wadatar, ka rubuta wasiƙa zuwa adireshin da suka ware don ƙorafi, suna da kwana 5 na aiki su ce sun karɓa, kwana 30 na aiki su amsa. Kuma in ka biya na wannan watan cikakke a kan lokaci, ba su da damar ɗora maka sabuwar tara don kawai tsohuwar tana nan.

Kar dai ka bari bashin ya haura kwana 120, daga nan ne doka ta buɗe musu ƙofar fara shirin ƙwace gidan. Tun wata na farko da ka ga abin zai gagara, ka nemi masu ba da shawara kan gidaje da HUD, wato ma'aikatar gidaje ta gwamnatin tarayya, ta amince da su, kyauta suke taimakawa a irin wannan.