Ku 'yan zango ai faɗa kuka iya

Daren jiya bayan isha'i ɗan yayata ya shigo ɗakina a nan Aboabo, ƙasar Ghana, da takardar gwajin BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare, a dunƙule cikin aljihu, ya miƙo min kanshi a ƙasa. Lissafi ne kuma ya faɗi warwas. Abinda ya ɗaure min kai shine tambaya ta huɗu da ta bakwai, irinsu muka yi da shi ranar Lahadi kan tabarma a tsakar gida, kuma wallahi kafin in gama shan kokona ya warware su. Nace ɗana me ya faru? Yayi shiru can yace kawu, ana raba takarda ticha yace ku 'yan zango ku rubuta ɗan abinda kuka iya ku tashi, dama faɗa da ƙwallo kuka sani, aji ya kwashe da dariya, daga nan kaina ya toshe.

Raina ya ɓaci sosai don nima na sha wannan ruwan, ina ƙaramar sakandare ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an kira ni pepeni, sunan raini da ake kiran mutanen arewa da shi, a gaban aji, har na daina ɗaga hannu ko na san amsa.

Masana halayyar ɗan adam sun daɗe suna bincike a kan wannan abu. A 1995 Claude Steele da Joshua Aronson a jami'ar Stanford ta Amurka suka ba ɗalibai baƙaƙe da farare jarabawa iri ɗaya mai wuya, wasu aka ce musu wannan awon basirarku ne, wasu kuma aka ce ɗan aikin bincike ne kawai. Inda aka ce awon basira ne baƙaƙen suka koma baya, inda ba a faɗa ba kuwa tazarar ta ragu ƙwarai. Bayanin da masana ke yi shine hankalin yaro rabuwa yake gida biyu, rabi yana kan tambaya rabi yana fargabar kar in faɗi a ce ai dama an faɗa haka suke, toh ina sauran ƙwaƙwalwar da za ta riƙe lambobi?

Wanda ya fi taɓa min zuciya na Indiya ne. Karla Hoff da Priyanka Pandey suka tara yara maza 'yan ƙauye a jihar Uttar Pradesh suka basu wasan nemo hanya a takarda, ana biyansu kuɗi kan duk wanda suka ci. Da ba a ambaci asalin kowa ba, yaran da al'adar Indiya ke ɗauka ƙasƙantattu saboda asalinsu kafaɗa da kafaɗa suka tafi da sauran, amma da aka kira sunan kowa da asalinshi a bainar jama'a sai ƙoƙarinsu ya faɗi. Yaran dai su ne, aikin shi ne, magana ce kawai ta shiga tsakani. Ina karanta wannan fuskar ɗan yayata nake gani.

Gaskiya ba ko'ina aka samu haka ba, a Holan an gwada da 'yan sakandare sama da 2,000 kan zancen wai mata basu iya lissafi ba, aka fitar da sakamako a 2018 ba a ga wani tasiri ba, kuma har yanzu masana na ja-in-ja kan girman abin. Nima ba zan ce bakin ticha kaɗai ke kayar da yaranmu ba, akwai aji mai cunkoso, akwai yaron da sai ya taya uwarshi kai tukunyar waakye bakin titi da asuba sannan ya wuce makaranta yana gyangyaɗi. Amma gyara waɗancan sai da kuɗi da lokaci, shi kuwa malami ya kame bakinshi ko sidi ɗaya ba zai kashe ba.

Na sake rubuta mishi tambayoyin nan biyu a bayan takardar, na fita alwala, kafin in dawo ya gama kuma duk daidai.

Ranar Litinin in sha Allah zan je in ga tichan da kaina. Yayata sai roƙona take, don Allah kaje a hankali kar ka ɗaga murya, kar su ce ga shi nan ɗan zango ya zo faɗa. Nace Yaya naji, da takardar zan je in ajiye mishi a kan tebur gaba da baya.