Karkatar Sitiyari a Tsofaffin Motocin Jeji

Duk wanda yake zirga-zirga a unguwar masu gyaran mota ta Sina'iyya a Jidda ya san yadda 'yan uwanmu direbobi suke kawo shas, wato a-kori-kurar Land Cruiser samfurin 70, da tsohuwar Nissan Patrol da ƙorafi iri ɗaya, wato mota tana tafiya sak a kan kwalta amma sitiyarinta ya karkace zuwa gefe guda. Abin da ya fi damuna shi ne maganin da wasu makanikai suke bayarwa cikin gaggawa, inda suke kwance notin tsakiya, su zare sitiyarin daga haƙoransa, su mayar da shi a miƙe, direba ya biya ya tafi yana murna.

Wannan gyara na ido ne kawai. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, ƙafarta ta gaba gungumen ƙarfe ɗaya ne, kuma sanduna biyu ne suke juya ta. Ta farko tana tasowa daga hannun akwatin sitiyari zuwa taya, ta biyu kuma, wadda aka fi sani da tairod, ita ce take haɗa tayoyin gaba biyu. Akwatin yana da tsakiyarsa, kuma a daidai wurin ne aka matse haƙoransa don kada sitiyari ya yi wasa yayin tafiya miƙe. Idan aka zare sitiyarin aka mayar a wani haƙori, akwatin zai ci gaba da aiki a wajen tsakiyarsa, motar ta riƙa yawo a hanya, sannan ta fi iya shan kwana zuwa ɓangare ɗaya fiye da ɗayan, abin da ba wanda zai so ya gano shi a kwanonin dutsen Hada tsakanin Makka da Ɗa'ifa.

A ganina, aikin yana da tsari wanda bai kamata a tsallake ba. Da farko a mayar wa tayoyi iskarsu, domin wanda ya rage iska ya shiga rairayi yakan manta ya daidaita ta. Daga nan a ɗaga gaban motar a girgiza kowace taya da hannu biyu a saurara, saboda babu injin alaimen, wato na auna saitin tayoyi, da zai yi gaskiya a kan boris ko bushin da ya cinye. Sai a auna tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba biyu, ta gabansu da ta bayansu, da tef, a juya tairod har gabansu ya ɗan shigo ciki da 'yan milimitocin da littafin motar ya ƙayyade.

Bayan wannan ne ake zuwa kan sitiyarin. Makanike ya murɗa shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe yana ƙirga zagaye, ya dawo rabi, nan ne tsakiyar akwatin. Sai ya sassauta maƙalan sandar farko, ya ƙara mata tsawo ko ya rage har tayoyi su fuskanci gaba, ya ɗaure sosai, a fita gwaji a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Masu ɗaga mota don shiga sahara su lura cewa ƙarin tsayi yana jan sandar nan, shi ya sa sitiyari yake karkacewa nan take, kuma yana sauya kishingiɗar ƙafar gaba, wadda ita ce take sa sitiyari ya komo da kansa bayan kwana. Motocin shas da suka riga 1999 sifirin ɗinsu na gaba mai falle-falle ne, ana gyara musu kishingiɗar da ƙaramin ƙarfe mai gangara da ake cusawa tsakanin sifirin da ƙafar.